Bakan da Na Sayo wa Yaya Dauda a Kuala Lumpur

Tun ranar da na dawo 'yan majalisarmu ta gindin ɗorawa suka hana ni sakat. Kowa ya gan ni sai, "Malam Habu, yaya Maleshiya?" Na ba da labarin nan ya fi sau arba'in, kuma na lura duk bayarwa sai benen da na zauna ya ƙara hawa ɗaya ko biyu. A makon jiya har na kai shi hawa casa'in. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya kowa ya huta, kafin benen ya huda sama a ɗora mini alhaki. Akwai kuma wani ɓangare da ban taɓa faɗa a majalisa ba, sai yanzu da masu maganar suka sakar mini baki.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. 'Yar farina ce ta haihu a can, inda mijinta Nura yake karatun digiri na uku, uwargidana Hajiya kuma ta ce ko a bayan wata ƙasar take sai ta je ta yi mata wankan jego. Aka shiga neman muharrami, aka duba dangi kaf, ba a sami wanda ya fi ni rashin abin yi ba.

Ana jibi za mu tashi, Yaya Dauda ya aiko a kira ni. Ga waɗanda ba 'yan garinmu ba, Yaya Dauda shi ne Sarkin Bakan Kafin Mazo. Shi ya gaji mahaifinmu. Ni boko aka kai ni, abin da na gada daga maharba shi ne ba da labari. A al'adarmu, kowace shekara bayan girbi, ranar buɗe farauta, Sarkin Baka ne ke harba kibiyar farko. Yana tsayawa taku arba'in daga tsohuwar kukar bakin daji, ya ja, ya saki. In ta kafe a jikin kuka, daji ya buɗu. Sarkin da ya kasa jan baka a ranar, nan take yake miƙa kwari ga gidan da ke biye, wato gidan Lado, wanda kakansa da kakanmu suka shekara talatin ba sa gaisawa a kan barewa ɗaya. Ita barewar, rabon da a ga irinta a dajinmu tun ina da gashi a ka. Yanzu zomo ne da zabi da gafiya. Amma sarautar tana nan da ƙibarta.

Yaya ya rufe ƙofa da kansa. Ya ɗauko bakan mahaifinmu ya ja. Hannun ya kai rabi ya tsaya yana rawa, ya saki a hankali.

"Kafaɗar ta mutu, Habu. Bara da ƙyar na kai. Bana ba zan kai ba." Ya zauna a bakin gado. "An ce a ƙasashen nan akwai bakan da tsoho ke iya ja. Ka nemo mini. In kuma maganar nan ta fita, na san bakin da ta bi."

Na ce, "Haba Yaya, ni?"

Ya ce, "Kai fa."

Hajiya ta haɗa jaka huɗu: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kanwa, surfaffen gero, yajin jego cikin bokiti, da turaren wuta. Kayana kuwa, riga uku da hula biyu, a leda aka cusa su tsakanin daddawa da kanwa, shi ya sa na yi wata guda a ƙasar mutane ina ƙanshin miyar kuka. A filin jirgin Kano mai awon kaya ya ce mun haura. Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa, na ga alamar tana tunanin ko ni za a rage.

Muka tashi, muka sauka a wata ƙasar Larabawa, muka yi zaman awa bakwai a kan kujerun da aka ƙera musamman don kada ɗan Adam ya runtsa. Wani jirgin ya sake kwasar mu. Kafin mu isa ƙafafuna sun kumbura har takalmina ya ƙi gane ni.

A wurin duba fasfo babu ihu, babu turereniya. Wata yarinya mai hijabi ta ce in ɗora yatsuna a kan gilashi, ta tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce jika na zo gani. Ta yi murmushi ta buga hatimi. Na tsaya ina jiran sauran wahalar, sai ta nuna mini hanya da babban yatsa. Haka suke nuni a can, da babban yatsa, wai nuni da manuniya rashin tarbiyya ne. Mai duba kaya kuwa ya buɗe jakar daddawa, ya ja da baya taku biyu, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna ya ja da baya. Na ce musu abinci ne. Suka dube ni da tausayi suka rufe jakar. Mutanen da ke cin duriyan fa ke nan, wani ɗan itace mai ƙaya wanda in aka fasa shi a Kano sai mutanen Wudil sun toshe hanci.

Nura ya zo tarbar mu. Yana hango ni ya tsuguna har ƙasa a tsakiyar filin jirgi, Sinawa suna kewaye shi da akwatuna kamar an kafa shataletale. Yaron kirki ne, sai dai kunyarsa ta isa a raba wa unguwa guda.

Gidansu a Taman Melati yake, kusa da jami'arsu, hawa na goma sha tara. Wannan shi ne adadin gaskiya, ku riƙe shi. Babu tsakar gida, babu murhu, babu itace, balle ƙatuwar tukunyar wanka. Aka nuna wa Hajiya wani ɗan akwati a bango da ke zafafa ruwa. Ta tara hannu ta ce wannan ai ruwan alwala ne, ba na mai jego ba. Ganyen darbejiya sai a shagon wani Ba'indiye aka samo, an ɗaure shi da zare kamar alayyafo. Rana ta biyu ta kunna turaren wuta a kasko, sai wani abu a rufin ɗaki ya fasa kururuwa. Masu gadi biyu suka hau da tulun kashe gobara, suka tarar da ita tana turara zannuwa hankali kwance. Ta ƙulla musu ɗan turaren su kai wa matansu.

Abinci kuwa shinkafa ce da safe, shinkafa da rana, in ka ce ka gaji a kawo maka shinkafar da aka soya. Ta safen da madarar kwakwa ake dafa ta, a zuba gyaɗa da 'yan mitsi-mitsin kifi da yaji. Yajin nan sun sa masa sukari. Na ce wa Nura mutanen da za su sa wa barkono sukari ba za su taɓa yin faɗa mai kyau ba. Abin da ya riƙe ni shi ne mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan benen. Mai shayinsu yana jan shayi daga kofi zuwa kofi kamar namu na tasha, bambancin kawai nasu ba ya zagin kowa.

Sai da aka yi suna na fara aikin Yaya. Ban gaya wa Nura gaskiya ba. Ta yaya zan zauna gaban surukina in ce yayana ya gaza? Cewa na yi Sarkin Baka yana sha'awar bakan zamani na harbin barewa. Ashe ba a ba ɗan digiri na uku tambaya a zauna lafiya. Kwana uku bai taɓa littafinsa ba. Ya kalli bidiyon duk wani Ba'amurke mai gemu da ke wuni a kan bishiya yana jiran barewa, sannan ya zo ya durƙusa gabana da takarda mai layi-layi.

"Baba, iri biyu ne. Na farko kwantacce ne, mai kunama. Tun kafin barewa ta zo ake ɗana shi, da wani ɗan mariƙi da ake juyawa kamar na injin taliya. Sai ya zauna a ɗane, ba ya buƙatar ƙarfin hannu ko kaɗan. Saiti kawai da danna kunama. Wanda bai taɓa harbi ba ma kwana biyu ya iya. Aibinsa nauyi da ƙara, kuma in aka kuskure, kafin a sake ɗanawa barewa ta yi nisa."

"Na biyun fa?"

"Na tsaye ne irin namu, sai dai an sa masa 'yan tayoyi sama da ƙasa. Farkon jan ne da wuya, in aka wuce rabi tayoyin su karɓi nauyin. Ba shi da nauyin ɗauka, kibiya ta biyu ba ta jinkiri. Amma sai barewa ta matso ake ja, in ta ga motsi shi ke nan. Kuma yana son horo."

"A nan ƙasar ina ake harbin barewar?"

"Ai an hana, Baba. Sai dai a je lambu a ba ta ganye."

Na je lambun daga baya. Barewa ta tako da ƙafarta ta ci ganye a hannun jikan maharba, ta gama ta lashe mini hannun riga. Ban taɓa shan raini irin wannan ba.

Zuciyata ta kwanta da kwantaccen nan. Bakan da ba ya son ƙarfin hannu, ai shi ne maganin Yaya. Matsalar ita ce Nura bai san hanyar ko'ina ba sai ta laburare, don haka ya kira wani ɗan ƙasarmu mazaunin unguwar Cheras da ake kira Sagir Boleh, mai nema wa ɗalibai komai daga katifa har gidan haya. Boleh a yarensu "zai yiwu" ne, shi kuma tun da ya zo ƙasar ba a taɓa jin ya ce wani abu ba zai yiwu ba. Ya zo da tabarau a goshi, muka gaisa, ya tambayi garinmu.

"Kafin Mazo? Baba, ai mamana 'yar can ce. Ƙanwar Lado ce, na gidan maharba. Duk Juma'a sai mun yi waya da Kawu."

Na ƙetare hamada da teku biyu, na sha zaman kujerar Larabawa, don in ɓoye magana ɗaya tak daga mutum ɗaya tak. Sai ga ɗan ƙanwarsa shi zai raka ni kasuwa.

Jirgin ƙasa muka hau, wanda ba shi da direba. Na leƙa gaba na leƙa baya, babu kowa, shi kaɗai yake tafiyarsa yana tsayawa a tasha a kan lokaci. Na ce ashe direbobin ne matsalarmu. Da muka canja jirgi na riga su Nura shiga wani tarago, na ga duk mata ne, na gyara hula na ɗauka farin jini ne ya biyo ni. Wata dattijuwa ta nuna mini rubutun ƙofa da babban yatsa. Taragon mata ne zalla. Na fita da sauran mutuncina a hannu.

Mai shagon bakuna a Cheras wani Basine ne mai furfura, kowa Ankul yake ce masa. Kwantaccen yana rataye a bango. Ya sauko mini da shi na riƙe: ga wurin dafawa a kafaɗa, ga madubin saiti, ga kunama. Na ji har raina an gama. Sai Sagir ya fashe da dariya.

"Baba, wannan ai bindiga ce. In Sarkin Baka ya fito da wannan ranar buɗe daji, sai dai a kai shi layin masu harbi da yatsa."

Ya taɓo wurin da ke ciwo. A garinmu 'yan baka sun fi shekara ɗari suna yi wa 'yan bindiga wannan gorin, masu harbi da yatsa. Yaya da kansa ya fi kowa iya faɗarsa. In ya tsaya gaban kuka ya danna kunama, ko kibiyar ta huda kukar ta fita, Lado zai ce ba a ja baka ba, kuma gaskiyarsa. Ankul ya ƙara da cewa shi wannan sai da takardar 'yan sanda, kuma baƙo mai bizar ziyara da zai bi ta filin jirgi uku da abu mai kama da bindiga, to Allah ya ba shi sa'a. Na mayar masa da shi kamar mai mayar da kuɗin tsintuwa.

Saura na tsaye. Ankul ya yi tambaya, Nura ya fassara.

"Baba, ya ce laba nawa mai bakan yake ja? Da laba suke auna ƙarfin baka. Akwai na ashirin, akwai na talatin, har saba'in. Ya ce kuma shekarunsa nawa, kafaɗarsa lafiya?"

Na waiwaya. Sagir ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo, wai zai tura wa Kawu ya ga ci gaba. Ga surukina a gefe ya sunkuyar da kai. Ga baƙon mutum yana tambayata ko kafaɗar yayana lafiya. Ku da kuka san ni kun san abin da ya biyo baya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Malam Nura, gaya masa mutumin da za a saya wa bakan nan, da jijiyar ɓauna ake murɗa masa tsirkiya. Gaya masa ya taɓa harbin gwanki, kibiyar ta fita ta ɗaya gefen, ta tsire zabi biyu, ta je ta kafe a jikin marke, har yau tana nan makiyaya suna rataya gora. Gaya masa in ya ja baka a daji, a cikin gari ake jin ƙugin tsirkiyar."

Nura ya fassara duka, bai rage ko zabuwa ɗaya ba, gumi yana bin wuyansa. Ankul ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Ya shiga ciki ya fito da wani baƙin baka mai kama da ƙashin bayan mota.

"Laba saba'in," in ji Nura a hankali. "Ya ce masu zuwa Afirka harbin manyan namun daji ne ke sayensa."

"Boleh," in ji Sagir, ya matso da waya.

Haka na fito daga shagon rungume da bakan da zai iya ƙarasa kafaɗar mai lafiya, na sayo wa wanda tasa ta riga ta mutu. A jirgi Sagir yana ta tura bidiyo, ni ina ta kallon taga.

Ranar Asabar da safe aka gayyace mu wani fili kusa da tafkin Titiwangsa. Nura ya taɓa faɗa wa wani abokin karatunsa cewa surukinsa ɗan gidan maharba ne, shi kuma yana cikin wata ƙungiyar Malayawa masu harbin baka don raya sunna. A can harbi wasan iyali ne. Maza da mata da tsofaffi, kowa da bakansa. Babu dafi, babu kare, babu kirari. Kibiyarsu har da gashin tsuntsu a gindi kamar za ta biki. Su harbi wani faifai mai zane, su tafa wa juna, su shimfiɗa tabarma su ci shinkafa. Aka gabatar da ni a matsayin ɗan Sarkin Baka daga Afirka, aka buɗe mini fili.

Na tsaya da baƙin bakan da na sayo, na yi bisimilla, na ja. Tsirkiya ta matso kamar faɗin yatsa uku ta tsaya. Na cije na ƙara. Wani abu ya ce ƙas a bayana, hulata ta faɗi, na ga taurari da hantsi. Na sauke na ce musu laimar ƙasarsu ce ta sa tsirkiyar ta yi tauri. Suka gyaɗa kai gaba ɗaya, wani har da cewa lallai ana laima. Ladabin mutanen nan ya fi zagi ciwo. Da a gida ne da an yi mini ihu na huta.

Ina zaune ina lallashin bayana sai na lura da wata tsohuwa a ƙarshen layi. Mak Cik suke ce mata, kamar mu ce Gwaggo. Ta haura saba'in, tsawonta bai kai kafaɗata ba. Bakanta irin nawa ne mai tayoyi, sai dai ƙarami. Ta saki kibiya uku, duka ukun suka taru a tsakiyar faifai kamar an kira su taro. Ta ga ina kallo, ta tako ta miƙo mini bakan. Na ja, ya taho har kunnena kamar ina jan labule.

Ta yi magana, Nura ya fassara. "Ta ce laba ashirin da biyar ne. An taɓa yi mata aiki a kafaɗa, shi ya sa. Ta ce mijinta ma ya sayi irin naku." Ya rage murya. "Wai bakan yana nan a gida, tawul suke shanyawa a kai."

Na ce a tambaye ta nisan da yake kaiwa. Ta nuna faifai na can nesa da babban yatsa, ta ɗana, ta saki, ta kafe. Na tashi da bayana mai ciwo na auna da ƙafata, mutane suna kallona suna cin shinkafa. Taku arba'in da biyu.

Da muka dawo ban hau sama ba. Na ja Nura mamak na sa aka kawo shayi biyu. Na kafa ido a kan fankar rufi, shi kuma ya kafa nasa a ƙasa. Haka ake magana da suruki.

"Malam Nura, akwai wata 'yar magana. Shi Yaya Dauda, kafaɗar tasa ta ɗan yi sanyi."

"Na sani, Baba."

Na sauko da idona daga fanka. "Ka sani?"

"Tun ranar da kuka sauka Hajiya ta faɗa wa mai ɗakina. Matar Baba Sarki ce ta faɗa mata, ita ke gasa masa kafaɗar kullum."

"To ka sani ka tsaya kana fassara mini ɓauna da zabi?"

"Baba, kuna magana, ni ne zan katse ku?" Ya ƙara sunkuyawa. "Shi ya sa na sa kwantaccen a layin farko a takardar. Na ja masa layi biyu ma."

Wato ni ina jin kunyar in faɗa masa, shi yana jin kunyar ya nuna ya sani, mata kuma sun gama maganar tun a kan kunun kanwa. Kunyarmu mu biyu in aka ɗora ta a sikeli laba saba'in ce cif.

Ranar Litinin muka koma Cheras mu biyu. Sagir ya bugo, Nura ya ce masa za mu kai jaririya rigakafi. Ƙaryarsa ta farko ke nan a duniya, sai da ya jingina da bango bayan ya kashe wayar. Ankul yana ganin mu bai ko tambaya ba. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya fito da wani ƙaramin baka, ashe tun ranar ya ware shi. Ya ce duk wanda aka saya wa baka da labarin ɓauna, cikin mako ake dawowa. Ya karɓi baƙin, ya ɗaure wannan a kan laba ashirin da biyar, ya ba ni ɗan makullin da ake ƙara masa ƙarfi ko a rage. Aibinsa ɗaya. Irin na 'yan mata masu koyo ne, kuma launi ɗaya ya rage, ruwan hoda, har da zanen furanni a hannu.

A filin jirgin Kano wani jami'i ya ce in buɗe akwatin. Ya daɗe yana kallo, ya dube ni da furfurata, ya ce, "Alhaji, a ci gaba da motsa jiki." Ina tafiya ina jin dariyarsu a bayana.

Yaya ya fi shi daɗewa yana kallo. Ya juya bakan, ya shafa furannin.

"Habu, na aike ka neman baka, ka kawo mini kayan lefe."

Na ce ya dai gwada. Muka zaga garka. Ya ɗana, ya ja, tsirkiya ta taho har kunnensa. Ya tsaya a haka. Ya ƙi saki. Hannun ko motsi ba ya yi. Na ƙirga har talatin a raina yana riƙe, yana kallon katanga, ban kuma yarda na kalli fuskarsa ba. Da ya sauke sai ya ce, "Kira mini baduku."

Baduku ya naɗe bakan da jar fata da baƙa, ya bar tayoyin kawai, aka rataya masa layu huɗu. Mako uku Yaya yana harbin buhun ƙaiƙayi a garka.

Ranar buɗe daji gari ya fashe, don bidiyon Sagir ya riga ni isowa, har yara sun san Sarkin Baka ya samo baka mai laba saba'in. Yaya ya tsaya a taku arba'in. Ya ja, ya saki, kibiya ta kafe a cikin kuka. Makaɗa suka ɗauka. Ina shirin yin ajiyar zuciya sai ga Lado ya ratso taro, dogon tsoho mai gemu kamar tsintsiya. Kiɗa ya tsaya.

"Sarki, a ba ni in ji ƙarfin bakan Maleshiyan nan da ake ta faɗa."

Babu hanyar hanawa a gaban jama'a. Yaya ya miƙa masa. Ni kuwa na fara duba ta inda zan bi in shiga daji in zauna da gafiyoyi.

Lado ya gyara tsayuwa, ya cije leɓe irin na wanda ya shirya wa azaba, ya ja. Tsirkiya ta taho kunnensa a sauƙaƙe har ya kusa faɗawa baya. Ya tsaya a ɗane, shi ma ya daɗe bai sauke ba. Da ya sauke, ya sa farce ya ɗan ɗaga bakin fatar, ya ga abin da ke ƙasa, ya mayar ya danne da yatsa. Ya dubi Yaya, Yaya ya dube shi. Sannan ya miƙa bakan da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Ba ƙarya aka yi ba, laba saba'in ne. Allah ya ƙara wa Sarki ƙarfi."

A ranar an kama zomo huɗu da zabuwa ɗaya.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, aka yi sallama a zaurena. Lado ne. Rabon da ɗan gidansu ya taka zauren gidanmu tun zamanin barewar nan. Na shimfiɗa masa tabarma. Muka yi maganar girbi, muka yi ta tsadar taki, muka yi ta wanda ya rasu da wanda ya kusa. Duk tsawon hirar hannunsa na hagu yana kan kafaɗarsa ta dama yana murzawa. Ya tashi tafiya, ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya yana kallon waje.

"Habu, ita 'yar taka ta Maleshiya, yaushe za ta sake haihuwa?"

Na ce, "Sai yadda Allah ya yi, Baba Lado."

Ya sa ɗaya takalmin. "To in ya yi, ka biyo ta gidana kafin ka tashi. Ni ba ni da zaɓen launi."